Karen da Na Jefa da Hoge

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya halicci mai ƙafa biyu da mai ƙafa huɗu, Ya kuma ba kowa rabonsa na ciwo. Sunana Sa'a. Ban yi boko ina yarinya ba, sai da na haifi 'ya'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci a Isa, don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi mini haƙuri. Abin da za ni rubuta jinyar kare ce. Na san akwai wanda zai ajiye takardar daga nan. Kafin ya ajiye, ya riƙe abu ɗaya: kada ya shafa wa dabba baƙin mai.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Burkusuma. Shekarar da ɓarayin daji suka matsa mana, maigidana yana ci-rani a kudu, gida daga ni sai autata Balki, mai shekara tara. Muka bi ayarin masu gudu, muka tsallaka Nijar a ƙasa, wurin ƙanwar babana, Gwaggo Delu, da ke aure a wani gari can. Tafiyar wuni guda ce. Tun daga bayan gari wani baƙin kare ya biyo mu. Na san shi sarai. Duna ne, karen Inna Jumma, Bafillatanar da rugarsu ke bayan gonarmu, wadda ta yi shekaru tana kawo mini nono. An kore shanunsu kwana biyu kafin nan, su kuma ba wanda ya san inda suka nufa. Har yau ban sani ba.

Duna ya bi mu wuni sur. In mun zauna ya zauna nesa kaɗan, in mun tashi ya tashi. Da ƙafar Balki ta gaji, waigensa ne ya riƙa ɗauke mata hankali. Amma da muka hango rumbunan garin su Gwaggo sai kunya ta kama ni. Mijin Gwaggo malami ne, da makaranta a ƙofar gida. Ta yaya za ni shiga gidan malam da ƙunshin tsumma a kai, ga kare a baya? Na duƙa na ɗauki hoge na jefe shi. Bai gudu ba. Na ƙara, na same shi a haƙarƙari. Ya yi ƙara sau ɗaya ya juya.

Gwaggo ta karɓe mu hannu biyu. Ta kwashe tarkacenta daga wani ɗakin ƙasa mai rufin kwano ta ba mu. Sauran mutanenmu kuwa a bayan gari suke, cikin bukkokin kara da leda. Duk wanda ya je can gaisuwa, in ya dawo sai ya ƙara gode wa Allah da ɗakin nan.

Wata uku muna zaune lafiya. Bazara ta shigo da zafinta. Ran nan mun je itace ni da Balki, muka biyo ta jujin bayan mahauta, sai ta riƙe mini zane.

“Inna, Duna.”

Na ce ba shi ba ne, don abin da na gani bai yi kama da kare ba. Gashin kunnuwa ya zube, na gwiwoyi da na ciki ya zube, fatar ta yi kauri ta yi toka-toka kamar ɓawon itace, ta tsattsage. Yana susa da ƙafar baya ba tsayawa, har jini yana tsatsowa, ƙudaje suna binsa. Kusa da shi wata 'yar jar karya ce kwance, ita ma kircin ya fara cin fuskarta. Balki ta kira sunansa. Ya dakatar da susar, ya kaɗa abin da ya rage na wutsiya. Da ya dube ni kuwa, sai ya ja da baya ya maƙale haƙarƙarinsa. Bai manta ba.

Makon farko ban yi wani abin kirki ba. Karnukan biyu suka biyo Balki har bayan gidan Gwaggo. Na samo fasasshen kasko na ajiye a bayan danga, ina zuba musu ƙanzo da ruwan wankin tukunya. Na dafa ganyen dogon yaro, na ɗaura tsumma a bakin kara, ina shafa musu ruwan daga nesa. Yana huce musu na ɗan lokaci, kafin la'asar susa ta dawo. Gwaggo ta leƙo ta kan danga ta same ni.

“Sa'a, wanga kuma hwa? Shi ma ɗan gudun hijira na? An rubuta mai katin hatsi?”

“Gwaggo, karen Inna Jumma na. Tare munka zo.”

“To ai sai a kai shi ya gaida Malam.” Ta yi dariya ta wuce. A lokacin abin dariya ne.

Mako na biyu shawara ta yi yawa. Wata ta ce toka da kanwa. Na gwada, Duna ya yi kuka kamar na zuba masa wuta. Wani tsoho ya ce farar wuta da man shanu, ni ko man da za ni sa a miya ba ni da shi. Gwaggo ta ce maganin kirci ga kare guda ne, a raka shi daji a dawo. Sai Mamman mai gyaran babur, da rumfarsa ke kan hanyar rijiya, ya ji muna maganar da wata mata.

“Baba, wahala kike ba kanki. Baƙin mai! Wanda munka juye daga inji. Ko raƙumi shi aka shafa ma, kwana ukku ya warke. Kawo gwangwani in cika miki, ba ko sisi.”

Ban ɗauki Mamman da laifi ba, har yau muna gaisawa a zuciyata. Abin da ya ji ya faɗa, kuma a garinmu ma na sha ganin ana ɗiga wa jaki a kan gyambo. Ni ce na ga abu kyauta na ce bari in yi mai gaba ɗaya. Da hantsi na sa leda a hannu, na shafe su tun daga wuya har wutsiya, shi da 'yar jar. Sun tsaya mini shiru, don sun saba da hannuna yana kawo abinci.

Kafin azahar rana ta buɗe. Baƙin nan ya riƙa jan zafi, fatarsu ta ɗauki wuta, suka rasa inda za su kwanta. Suka hau lasa. Ban taɓa kawowa a raina cewa kare zai lashe abin da aka shafa masa ba, alhali kullum ina ganin yana lasar ciwonsa. Da la'asar suka fara amai, baƙi ƙirin. Washegari 'yar jar ta kasa tashi, yawu yana dalala, ƙafafunta suna rawa. Kafin rana ta take ta mutu. Na ari fartanya na haƙa mata rami a gindin wata aduwa. Balki ta tambaye ni, “Inna, ciwon ne ya kashe ta?” Na ce mata a'a, ni ce.

Duna bai mutu ba, amma bai tashi ba. Na ajiye kara da tsumma, na ajiye ledar ma, don ba ta riƙe sabulu. Da hannuna na wanke shi, sabulun wanki sinƙi guda ya ƙare man bai fita duka ba. Balki tana riƙe masa kai ina ɗura masa ruwan koko da murfin kwalba.

Mako na uku Balki ta fara susa. Ƙananan ƙuraje ja suka feso mata a damtse da ciki, inda take rungumar kan karen. Ni ma suka fito mini a wuyan hannu. Bayan kwana biyu jikar Gwaggo, da suke kwana tabarma ɗaya da Balki in ta zo hira, ta wayi gari tana susa tana kuka.

Muka tafi asibitin garin, da su can suke ce wa likita. Mun isa rana ba ta yi tsawo ba, muka tarar da layi ya fita har wajen katanga, rabinsa mutanenmu ne. Inuwa ɗaya ce, ta wata bishiya, tana matsawa muna binta. Sai bayan azahar muka shiga. Ma'aikaciyar ta gaji, ko kai ba ta ɗaga sosai ba. Ta juya hannun Balki ta ce, “Gal ne.” Wato ƙazwa da Faransanci. Kalmar nan ta zauna mini. Ta tambaya ko akwai dabba mai ciwo a gida, na faɗa mata gaskiya. Ta ce ƙwayar kare ba ta daɗewa a jikin mutum in an daina runguma, amma a tafasa tufafi, a shanya tabarmi a rana. Ta rubuta wani farin ruwa kamar madara, mai zafi in an shafa. Na gode mata. Abin da ban gode ba shi ne yadda ta ɗaga murya ta ce, “Ke da ba ki da gida, kike kiwon kare?” Duk layin ya ji.

Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Na tarar da Gwaggo zaune a kan turmi, jikarta a cinya. Ba dariya a fuskarta.

“Sa'a, zauna. Ɗiyar wana kike, ban iya korar ki. Amma dubi yarinyar ga. Uwatta ta ba ni ita lahiya lau. Mi za ni ce mata?”

“Gwaggo, na yi laihi. Za ni tahasa kayan kowa.”

“Ba tahasa ba. Hannun da ka wankin kare ba ya shiga tukunyata, ba ya taɓa taɓaryata. Ki zaɓa. In kin bar shi, ɗaki naki na har Allah Ya maishe ku gida. In ba ki bari, bayan gari akwai hili.”

Malam yana alwala a bakin zaure, ya ji komai. Mutum ne marar hayaniya. Ya ce, “Delu, duk mai rai in anka shayar da shi akwai lada.”

“Malam, ladar ta biya ta can. Kai kaka kwana da yarinya tana susa?”

Malam ya ci gaba da wanke ƙafa. Ya faɗi nasa, cikin gida kuwa na Gwaggo ne.

Na zagaya bayan danga na tsuguna. Hadari ya fara haɗuwa a gabas kwanakin nan, kowa ya san damina ta kusa. Na san abin da bukkar leda take da damina. Duna yana kwance, ido kawai yake juyawa. Da kircin ne kaɗai zai kashe shi, wataƙila da na ce haka Allah Ya so, na koma ɗaki. Amma ni na jefe shi ya shiga juji, ni na shafa masa abin da ya kwantar da shi. In na tashi na bar shi, sau uku ke nan. Na tambayi Balki ko za ta iya zaman bayan gari. Ta ce, “Da Duna?” Na ce da shi. Ta shiga ta fara naɗe tabarma.

Gwaggo ba ta hana mu ba, ba ta kuma raka mu ba. Amma da na kwance ƙunshina a bayan gari na tarar da tiya biyu ta gero a ciki, ban san lokacin da ta sa ba.

Wata mata 'yar Turba, Hassi, ita ta taya ni kafa bukka, ta yago mini rabin ledarta. Allah Ya saka mata. Ita ce kuma ta fara kira na Uwar Karnuka, sunan ya bi ni har rijiya. Ita ta gaya mini ranar kasuwa likitan dabbobi yana zuwa kara, inda ake sayar da bisashe.

Mako na huɗu ke nan. Ba ɗan kabu-kabun da zai ɗauki kare, na tambayi uku, na ukun ya ce ko gawa ya fi so. Na ari baro wurin masu sayar da ruwa, da sharaɗin in wanke shi da ƙasa da sabulu kafin in mayar. Na shimfiɗa buhu, na ɗora Duna, na rufe shi da wani buhun, na tura har kasuwa. Tayar baron tana kuka, mutane suna tambaya ko rago ne.

Can ma layi ne, na makiyaya da raguna da raƙuma. Na tsaya a ƙarshe. Duk wanda ya zo sai ya shige gabana, don ba wanda ya ɗauka layi nake bi. Sai da rana ta karkata likitan, wani dogo mai furfura, ya fara haɗa jakarsa, na yi ƙarfin hali na yaye buhun. Wurin ya ɗauki dariya. Shi bai yi ba. Ya tsuguna, ya shinshina fatar, ya ɗago.

“Wa ya shafa mai mai?”

“Ni.”

“Wa ya ce miki?”

“An ce ko raƙumi…”

“Raƙumi yana lasar bayansa?” Ya girgiza kai. “Kullum sai na ga wanga aiki. Ƙwayar tana cikin hwata, man yana kai, guba tana ciki. Hajiya, ba ciwon ya kusa kashe shi ba.”

Na ce na sani, na binne ɗaya. Ya ce in fara shafa man gyaɗa a inda baƙin ya maƙale, ya jiƙa, sannan in wanke da sabulu. Ya ɗaga Duna a hannu ya kimanta nauyinsa, ya ja ɗan ruwa kaɗan a sirinji, ko rabin farce bai kai ba. Ya ce allurar ta shanu ce, in an yi wa kare awon saniya sai mutuwa, kada in yarda wani ya yi masa a rumfa. Sau uku za a yi, mako biyu-biyu. In ƙone duk buhun da ya kwanta a kai. Na sayar da tasa biyu cikin kayan aurena da na gudo da su, su suka biya allurar da man gyaɗar.

Daga nan ba wani abin ba da labari, sai gajiya. In tashi in yi wa mutane surfe da daka don mu ci, in dawo in jiƙa shi da mai, in wanke, in tafasa kayan Balki, in je rijiya sau huɗu. A rijiya mata suna janye gugansu in na matso. Ruwan farko ya sauka a mako na biyar, ya shigo ta sama ya shigo ta ƙasa, muka wayi gari tabarma tana iyo. Balki ta yi mura ta mako guda. Ranar na zauna na yi kuka, na ce wa Hassi ni wawuya ce, na bar ɗakin kwano saboda kare. Ta ce, “Wawuya kam ke ce, amma tashi ki riƙe min ledar ga mu ɗaure.”

Ƙurajen Balki suka bushe kafin allura ta biyu. Na ji jikar Gwaggo ma ta warke, ko da yake ba wanda ya aiko ya gaya mini. Bayan allura ta biyu susar Duna ta ragu, ɓawon ya riƙa faɗuwa, sabuwar fata mai laushi ta bayyana. Ya fara tashi yana bin Balki rijiya yana tangaɗi. Allura ta uku da ƙafarsa ya je, ban ari baro ba. Likitan ya shafa bayansa ya ce, “Ka ci sa'a, baƙi.” A mako na takwas gashi ya tsiro a kunnuwa, siriri kamar gero in ya fara huda ƙasa. Ranar ce kuma na miƙa hannu zan ɗauki dutsen murhu a kusa da shi, na lura bai maƙale haƙarƙari ba.

Na ɗauka shi ke nan, mun yi kare. Har na fara tunanin yadda za ni tsallaka da shi in hanya ta buɗe.

Ciyawa ta fito. Fulani suka fara wucewa arewa da shanunsu, kamar yadda suke yi duk damina don su bar wa manoma gonaki. Wata safiya wani babban garke ya biyo ta bayan bukkokinmu, ƙasa tana amsawa, makiyayan suna kiran shanu. Duna yana cin tuwo a kaskonsa. Ya ɗaga kai. Ya dubi shanun, ya dube mu, ya yi wani ɗan kuka a maƙogwaro. Wata maraƙa ta ware daga garke, kafin makiyayin ya ɗaga sanda Duna ya isa, ya zagaye ta ya mayar da ita. Makiyayin ya tsaya yana kallo.

Ya juyo ya ce mini, “Inna, naki na?”

Balki ta riƙe mini hannu da ƙarfi. Na ce, “Na wata Bafillatana na. Riƙo nike.”

“Ya san aiki.”

“Ya sani. Ya yi kirci ya warke. In ya dawo mai, ka kai shi ga likita, kar ka shafa mai baƙin mai.”

Ya yi murmushi ya ce to. Ban kira Duna ba, na kuma hana Balki ta kira. Ya waiwayo sau ɗaya daga bakin fadama, sannan ƙurar shanu ta rufe shi. Rabin tuwonsa yana cikin kasko. Balki ba ta yi mini magana ba wuni guda, kuma ban ga laifinta ba.

Washegari da hantsi ina matse tabarma sai ga Gwaggo, karon farko da ta tako bayan gari. Da ƙwarya a hannunta rufe da faifai. Ta dubi bukkar, ta dubi taɓon da muke tsaye a ciki.

“Ina majinyacin naki? Ga ƙanzo ya taru, kaji sun ƙi shi.”

“Ya tahi, Gwaggo. Ya bi shanu jiya.”

“Ya tahi? Bayan duk wagga wahala?”

“Ya tahi.”

Ta tsaya riƙe da ƙwaryar, ta rasa inda za ta ajiye.

“Gashin ya hito?”

“Ya hito, har wutsiya.”

“Da ƙahwatai ya tahi, ba ɗingishi?”

“Da gudu ma.”

Ta sauke numfashi. “To, alhamdu lillahi. Balki, naɗe tabarmar ga. Ke kuma ki wanke hannun nan da kyau, akwai daka.”

Mun ƙara wata bakwai a ɗakin kwano kafin maigidana ya zo ya kwashe mu zuwa Isa, inda nake wannan rubutu. Ina roƙa wa Gwaggo da Malam da Hassi da dogon likitan nan alheri, da Mamman ma. Wanda ya ga dabba tana kirci, ya nemi likita ranar kasuwa, ya bi layi ko za a yi masa dariya. Ni ban bi ba sai da na haƙa rami a gindin aduwa.

Har yanzu in garke ya wuce ta bayan gari, Balki takan fita ta tsaya tana duba ƙafafun shanu. Ni ba na fita. Amma in ta dawo nakan tambaye ta.